Tseren Dipsea

Tseren Dipsea gasar gudu ce ta cikin daji da tsaunuka wadda ake yi sau ɗaya a shekara a gundumar Marin, arewa da birnin San Francisco a jihar Kaliforniya ta ƙasar Amurka. Ana tashi daga tsakiyar garin Mill Valley, a haye gefen Dutsen Tamalpais, a sauka a garin Stinson Beach da ke bakin Tekun Fasifik. Tsawon hanyar kimanin mil 7.4 ne, wato kusan kilomita 12. An fara tseren a ranar 19 ga Nuwamba, 1905, kuma shi ne tseren daji mafi daɗewa a Amurka. A yanzu ana yin sa ranar Lahadi ta biyu a watan Yuni, kuma mutum 1,500 kawai ake bari su shiga.

Abubuwa uku ne suka fitar da sunan tseren. Na farko dogayen matakalan da ake hawa tun a farkon hanya. Na biyu tsarin ba da rata bisa shekaru da jinsi, wanda ya sa yara da dattawa da mata suke iya cin gasar gaba ɗaya. Na uku kuma damar da ake ba mai gudu ya yanke ta gajeriyar hanya a wasu wurare da aka amince.

Yanayin wurin

Gundumar Marin tana tsallaken mashigin ruwa na Golden Gate daga San Francisco. Dutsen Tamalpais, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 784, shi ne ya raba garuruwan da ke gabas da gaɓar tekun da ke yamma. Kafin zuwan Turawa, mutanen Miwok na gaɓar teku ne suke zaune a yankin.

Hanyar tseren tana ratsa filaye da ke ƙarƙashin hukumomi daban-daban. Akwai gandun Muir Woods na gwamnatin tarayya, wanda Shugaba Theodore Roosevelt ya ayyana a matsayin wurin da aka kare a watan Janairun 1908, bayan William Kent da matarsa Elizabeth sun ba da filin kyauta. Akwai gandun Dutsen Tamalpais na jihar Kaliforniya, sannan da yankin shaƙatawa na Golden Gate da aka kafa a 1972. Don haka masu shirya tseren sai sun sami izinin waɗannan hukumomi kafin a yi gasar.

A wannan yanki ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyi, watannin zafi kuwa kusan babu ruwa. Sai dai hazo mai laima yana yawan shigowa daga teku a watan Yuni. Da wannan hazon ne dogayen itatuwan redwood suke samun danshi a lokacin rani. Mafi tsawo a cikin Muir Woods ya kai kimanin mita 79. Ga mai gudu, hazon yana kawo sanyi, amma yana jiƙa matakalai da saiwoyi su yi santsi. Yakan yiwu a tashi daga Mill Valley cikin rana, a shiga hazo a kan tudu, sannan a sake samun rana a bakin teku.

Tarihi

Asali

Tseren ya samo asali ne daga 'yan ƙungiyar wasanni ta Olympic Club ta San Francisco, wadda aka kafa a 1860. A farkon ƙarni na 20 babu gadar Golden Gate, domin sai a 1937 aka buɗe ta. Masu son yawon daji daga birni sukan hau jirgin fito zuwa Sausalito, su shiga jirgin ƙasa zuwa Mill Valley, daga nan su taka da ƙafa zuwa bakin teku. Wurin da ake kira Stinson Beach a yau, a lokacin sunansa Willow Camp, kuma kusa da shi akwai wani masauki mai suna Dipsea Inn. Daga wannan masauki ne hanyar da tseren suka sami suna.

A 1904 wasu 'yan ƙungiyar biyu, Charles Boas da Alfons Coney, suka yi gasa a tsakaninsu kan wanda zai riga isa masaukin daga tashar jirgin Mill Valley, Boas ya yi nasara. Abin ya ba abokansu sha'awa har suka kafa wata ƙaramar ƙungiya da suka kira Dipsea Indians, suka shirya gasa ga kowa da kowa a shekara mai zuwa. An yi tseren farko cikin ruwan sama. Wani ɗan makarantar sakandare daga Oakland, John Hassard, shi ne ya fara isa, bayan an ba shi rata a wurin tashi. Cornelius Connelly ne ya yi gudun cikin lokaci mafi ƙanƙanta, amma kofin ya tafi ga Hassard. Tun daga ranar farko ke nan aka kafa ƙa'idar da ake bi har yau: wanda ya fara taka layin ƙarshe shi ne zakara, ko da wani ya fi shi sauri.

Shekarun da ba a yi ba

An fasa tseren a 1932 da 1933 a lokacin babban matsin tattalin arzikin da ya auka wa Amurka, sannan daga 1942 zuwa 1945 saboda Yaƙin Duniya na Biyu. Waɗannan shekaru shida ne suka sa karo na 100 ya faɗo a 2010 maimakon 2004. An sake fasawa a 2020 saboda annobar korona, kuma na 2021 sai a watan Nuwamba aka yi shi.

Mata a tseren

A farkon ƙarni na 20 hukumar wasannin motsa jiki ta Amurka, AAU, ba ta yarda mata su yi gudun dogon zango a gasa ba. Domin kauce wa wannan doka, daga 1918 zuwa 1922 an shirya wa mata gasarsu a kan wannan hanya, amma aka sa mata sunan tattaki maimakon tsere. A zahiri waɗanda suke gaba gudu suke yi. Edith Hickman ce ta ci na farko a 1918, cikin awa 1 da minti 18 da 'yan daƙiƙu. Gasar ta karɓu ƙwarai, har a wasu shekarun masu shiga ta sun fi na gasar maza yawa. Bayan 1922 aka dakatar da ita saboda sukar masu ganin irin wannan wahala ba ta dace da mata ba. Ana lissafa wannan tattaki cikin gasannin gudun dogon zango na mata na farko a Amurka.

Daga baya wasu mata sun riƙa shiga tseren maza ba tare da an rubuta sunansu ba. A 1971 aka buɗe musu ƙofa a hukumance, shekara ɗaya kafin tseren marathon na Boston ya yi haka, kuma shekara 13 kafin a sa marathon na mata a wasannin Olamfik na 1984. A 1973 Mary Etta Boitano, yarinya 'yar shekara 10, ta zama mace ta farko da ta ci tseren.

Ƙayyade yawan masu shiga

A tsakiyar ƙarni na 20 masu shiga sun ragu sosai. A shekarun 1970 kuwa gudu ya zama abin yayi a Amurka, jama'a suka yi wa tseren cincirindo. Turbar siririya ce, a wurare da yawa mutum ɗaya kawai take ɗauka. Cunkoso ya yi yawa, masu neman gajeriyar hanya suna tattake ciyayi suna zaizaye gangara. Hukumomin gandun daji suka nuna damuwa, daga ƙarshe aka tsayar da iyakar mutum 1,500, aka kuma rufe wasu daga cikin hanyoyin yanke.

Hanyar tsere

Jimillar hawan da ke cikin hanyar ta kai kimanin ƙafa 2,200, wato mita 670, kuma saukar ma kusan haka take, domin ana tashi kusa da matakin teku a ƙare a bakinsa. Masu gudu sun laƙaba wa sassan hanyar sunaye waɗanda suka zauna.

Ana tashi da safe daga dandalin da ke gaban tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Mill Valley. Bayan ɗan gudu a kan kwalta, sai a ratsa lambun Old Mill a iso gindin matakalai. Matakalan kashi uku ne, adadinsu ya haura 670, suna hawa a tsakanin gidajen da aka gina a jikin tudu. Yawancin mutane ba sa iya gudu a kansu har ƙarshe. Sukan taka biyu-biyu suna dafe da gwiwa. Wanda ya ƙure ƙarfinsa a nan yakan ji a jikinsa a sauran tafiyar, domin babban hawan yana gaba.

Daga saman matakalai hanya tana ci gaba da hawa zuwa Windy Gap, inda ake tsallaka titin Panoramic. Daga nan sai sauka zuwa kwarin Muir Woods. A wannan sashe akwai wata gangara mai tsananin tsayi da ake kira Suicide, sunan da ke nufin kashe kai, saboda haɗarinta. A ƙasan kwarin ana ƙetare rafin Redwood a kan 'yar gada. Wannan rafi yana cikin wuraren da kifin salmon yake hawowa daga teku ya yi ƙwai, shi ya sa ake kula da inda mutane suke takawa a gefensa.

Da an ƙetare rafin sai hawa mafi tsawo ya fara. Farkonsa, wanda ake kira Dynamite, yana da tsananin miƙewa a cikin inuwar itatuwa. Sai a fito fili a kan wani doron tudu mai ciyawa da ake kira Hogsback, inda rana take dukan masu gudu idan babu hazo. Daga nan a sake shiga kurmin da ake kira Rainforest, a ƙare da hawan Cardiac, sunan da ke nuni ga yadda zuciya take bugawa a wurin. Cardiac shi ne wuri mafi tsayi a hanyar, kimanin ƙafa 1,360 ko mita 415 sama da teku. A nan ake raba ruwan sha, kuma idan sama ta yi garau daga nan ake fara hango teku.

Daga Cardiac zuwa ƙarshe yawanci sauka ce. Masu neman nasara sukan bi ta Swoop, wata siririyar hanyar yanke a cikin ƙananan itatuwa, su faɗa kwazazzabon Steep Ravine. Matakalan wannan kwazazzabo ba su daidaita ba, ga duhun itatuwa ga laima, don haka nan ne aka fi faɗuwa. Bayan an ƙetare wata gada a ƙasa sai a tarar da wani ɗan gajeren hawa mai suna Insult, wato cin fuska, domin yana zuwa ne a lokacin da mutum ya ɗauka hawa ya ƙare. Daga samansa ake gangarawa ta fili zuwa babbar hanyar gaɓar teku mai lamba 1, a shiga Stinson Beach.

A 2010 gwamnatin Amurka ta sa wannan turba a cikin kundin wuraren tarihi na ƙasa. A sauran ranakun shekara a buɗe take ga masu tattaki da masu atisaye.

Tsarin rata

A yawancin gasannin gudu kowa yana tashi lokaci ɗaya, sannan a raba kyaututtuka bisa rukunin shekaru. A Dipsea kuwa ana sallamar mutane rukuni-rukuni, minti ɗaya tsakanin kowane rukuni da na bayansa. Ƙananan yara da dattawa su ne suke fara tashi, da ratar da ta kai minti 25. Samari masu tsakiyar ƙarfi su ne na ƙarshe, ba su da rata ko ta minti ɗaya. Mata suna samun rata fiye da mazan da suke sa'anninsu. A shekarun farko masu shirya gasar ne suke duba ƙwazon kowane mutum su yanka masa rata. Daga tsakiyar shekarun 1960 aka koma lissafi da shekaru.

Misali, idan aka ba wata mata ratar minti 20 ta kammala cikin awa 1 da minti 8, za ta isa minti 48 bayan tashin rukunin ƙarshe. Saurayin da ba shi da rata, ko da ya yi gudun cikin minti 49, a bayanta zai iso. Domin kada mutum ɗaya ya riƙe kofin shekara da shekaru, ana rage wa wanda ya ci wani abu daga ratarsa a shekarun da suke biye.

Wannan tsari yana sauya yanayin gasar baki ɗaya. Mafi saurin mutane sai sun wuce ɗaruruwan da suke gabansu a kan turba siririya, a kan matakalai da gangara, kuma wucewar kanta tana cin lokaci. Wanda yake gaba kuma bai san ko wa yake tafe a bayansa ba sai an kusa ƙarshe. Masu goyon bayan tsarin suna ganin shi ne ya sa kaka da jika suke iya fafatawa a gasa ɗaya. Masu suka kuma suna cewa ya daɗe yana fifita dattawa masu ƙwazo a kan matasa, domin shekaru masu yawa sun wuce ba tare da wani mara rata ya ci ba. Kwamitin tseren yakan sake duba jadawalin rata lokaci-lokaci. Ana kuma ba da kyauta ta musamman ga namiji da macen da suka fi kowa sauri.

Samun gurbi da kyaututtuka

Masu neman shiga sun fi guraben da ake da su yawa. An raba masu gudu kashi biyu: rukunin waɗanda aka gayyata, da rukunin sauran jama'a da suke tashi a bayansu. Mutum 450 na farko a kowace shekara suna samun gayyata kai tsaye zuwa ta gaba. Sauran guraben an saba raba su ta hanyoyi uku: waɗanda takardarsu ta riga isowa, ƙuri'a, da gwanjo, inda mai nema yake ƙara kuɗi a kan kuɗin rajista. Kuɗin gwanjon yana shiga gidauniyar tseren, wadda take ba ɗalibai tallafin karatu, take kuma taimakawa wajen gyaran turba da matakalai.

Babu kyautar kuɗi. Abin da masu gudu suka fi kwaɗayi shi ne baƙar riga mai lamba, wadda ake ba mutum 35 na farko, kowa da lambar matsayin da ya zo. Akwai kuma kofin iyali da na ƙungiya, da wata kyauta mai sunan Norman Bright da ake ba wanda ya nuna juriya ta musamman.

Fitattun masu gudu

Jack Kirk, wanda ake wa laƙabi da aljanin Dipsea, ya kammala tseren sau 67 a jere daga 1930 zuwa 2002, ba tare da ya tsallake ko ɗaya daga cikin waɗanda aka yi ba. Ya ci a 1951 da 1967. Karo na ƙarshe da ya kammala yana da shekara 95, kuma ya rasu a 2007 yana da shekara 100.

Norman Bright ya kafa tarihin sauri a 1937 da minti 47 da daƙiƙa 22, amma bai ci gasar ba a shekarar saboda rata. Tarihin ya tsaya shekara 33. A 1970, yana da shekara 60, ya dawo ya ci tseren, kuma a wannan ranar ce aka karya tarihin nasa.

Sal Vasquez ne ya fi kowa yawan nasara, sau bakwai, huɗu daga ciki a jere daga 1982 zuwa 1985. Shirley Matson ta ci sau huɗu. Megan McGowan ta ci a 1991 da 1992 tana 'yar shekara 9 da 10. A karo na 100, a 2010, Reilly Johnson 'yar shekara 8 ta zo ta ɗaya, Melody-Anne Schultz mai shekara 68 ta zo ta biyu da tazarar 'yan daƙiƙu. A 2012 Hans Schmid ya ci yana da shekara 72.

Lokaci mafi ƙanƙanta a tarihin tseren shi ne minti 44 da daƙiƙa 49, wanda Ron Elijah ya yi a 1974. A ɓangaren mata, Peggy Smyth ta yi minti 55 da daƙiƙa 47 a 1988. Kwatanta waɗannan lokuta da na yanzu yana da wuya, domin an rufe wasu hanyoyin yanke da ake bi a da.

Haɗari da kula da muhalli

Raunin da aka fi samu su ne targaɗe, ƙujewa da karaya sakamakon faɗuwa a gangara, sai galabaita a shekarun da aka yi zafi. A gefen turbar, musamman a hanyoyin yanke, akwai wani tsiro da ke sa ƙuraje da ƙaiƙayi idan ya taɓa fata. Ana ajiye masu agaji da 'yan sa kai a wuraren da aka san ana faɗuwa da kuma inda hanya take tsallaka titin mota.

Batun hanyoyin yanke ya daɗe yana jawo taƙaddama. A al'adar tseren ta asali, kowa yana iya bin duk inda ya ga dama daga Mill Valley zuwa teku, kuma tsofaffin masu gudu sukan ɓoye sirrin hanyoyinsu. Hukumomin gandun daji kuwa suna duba ɓarnar da ƙafafu da yawa suke yi wa gangara, da ƙasar da ruwan sama yake kwasowa ya zuba a rafi. Matsayar da aka cimma ita ce a bar 'yan hanyoyin yanke da aka sani, wasunsu a ranar tsere kawai, a haramta sauran. Wanda aka kama a hanyar da aka hana ana soke sakamakonsa.

Gasanni masu alaƙa

Akwai wasu gasanni biyu da ake yi a kan wannan turba. Double Dipsea, wadda aka fara a 1970 bisa jagorancin Walt Stack, tana tashi daga Stinson Beach zuwa Mill Valley a dawo, kimanin kilomita 22. Quad Dipsea, wadda aka fara a 1983, ratsa hanyar ce sau huɗu, kimanin kilomita 45 da hawan da ya kai mita 2,800. Ana yin ta a ƙarshen watan Nuwamba, bayan bikin godiya na Amurka.

A fim da rubuce-rubuce

Fim ɗin On the Edge na tsakiyar shekarun 1980, wanda Rob Nilsson ya ba da umarni, Bruce Dern ya fito a matsayin jarumi, an gina shi ne a kan wani tsere da aka kwaikwaya daga Dipsea. Barry Spitz ya rubuta tarihin gasar a littafinsa Dipsea: The Greatest Race, wanda ya fara fitowa a 1993.